Mai Fassara a Ɗakin Musa Indiya

Tun da na dawo daga China ban huta da tambaya ba. A bakin shago a Kwari, a masallaci, har wajen ɗaurin aure sai wani ya ja ni gefe ya ce, "Sabi'u, yaya ƙasar take? Da gaske suna cin kare?" Nakan yi dariya in ba su abin da suke son ji: dogayen gine-gine, gada bisa gada, arhar kaya. Ainihin abin da na gano kuwa yayata da matata kaɗai na faɗa wa. Yanzu da abin ya ɗan lafa a zuciyata, bari in zauna in kawo shi tun daga farko.

Ni wandon jins nake sayarwa. Na daɗe ina sara a hannun masu zuwa China, ban taɓa sha'awar zuwa da kaina ba. Yayata ce ta tashe ni, Yaya Rabi, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ɗanta Jamilu ya tafi Guangzhou kusan shekara huɗu kafin lokacin. Da farko duk Juma'a sai ya kira, ya ce ya zama wakilin 'yan kasuwa, yana da ofis. Sai kiran ya fara ja da baya, daga nan lambar ta daina shiga. Ita kuma hawan jini ya taɓa kayar da ita, ta tashi da nauyin hannu ɗaya.

Da na je yi mata sallama, ta miƙo mini ƙullin kilishi da daddawa. Ta ce, "Ka dubo mini yaron nan. Ban ce ka yi masa faɗa ba. Ka gan shi da idonka, ka zo ka faɗa mini."

Shekarar da aka yi gasar Olamfik a China ce, biza ta yi wuya ƙwarai. Sai da na yi ta zarya kafin su ba ni ta ɗan gajeren lokaci. Daga Kano na bi ta Legas, daga can Addis Ababa, inda muka daɗe zaune a kan kujerun ƙarfe cikin sanyin da ban shirya masa ba. A nan na haɗu da Alhaji Lawali, mutumin Maraɗi, dattijo mai farin gemu da ke sayen tayil da injin ɗinki. Ya ga ina rawar ɗari ya ba ni aron mayafinsa.

"Zuwanka na hwarko ke nan?" ya tambaye ni.

Na ce e.

"To riƙe hwasfo ɗinka kamar ranka. Bana ba su wasa."

A filin jirgin Guangzhou wani ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Wata jami'a ta buɗe ƙullin daddawa, ta ja da baya tana toshe hanci. Na yi ta bayani da hannu cewa abin miya ne. Ta nuna mini wani kwandon shara. Da hannuna na zuba saƙon Yaya Rabi a ciki, kilishin da daddawar duka, ina ji kamar ita ce tsaye a bayana tana kallo.

Alhaji Lawali ya kai ni masaukinsa a unguwar da baƙaƙen fata suka fi yawa. Ɗaki ne da in ka miƙe hannu za ka taɓa bango biyu. Da asuba na shimfiɗa darduma na fuskanci mahudar rana kamar yadda na saba tun ina yaro. Ina sallamewa na ga Alhaji a bakin ƙofa yana girgiza kai. Ya ce, "Ka ba Makka baya, malam. Nan gabas yamma take." Na sake sallar ina jin kunya.

Abinci ma sai da na koya. Ka nemi ruwa su kawo maka mai zafi, a wannan zafin da ke sa riga ta manne a jiki. Sun ce ruwan sanyi ciwo ne. Akwai Musulmin ƙasar masu farar hula da ke murza taliya da hannu a gabanka, wurinsu na fi ci, amma tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su sun gagare ni har sai da matar mai shagon ta tausaya ta kawo mini cokali. A kasuwar Shisanhang kuwa ba a magana, na'urar lissafi ake miƙa wa juna, kowa ya danna nasa. Kalma biyu na fara riƙewa: "lawban", wato maigida, da "meyo", wato babu. Na je Xintang, garin da ba a komai sai ɗinkin jins, inda har ruwan kwata shuɗi ne. Na zaɓi kayana cikin sauri, hankalina ba ya wurin.

Duk wanda na ji yana Hausa sai in tambaye shi Jamilu. Wasu su ce ba su sani ba. Wasu kuwa su dube ni sama da ƙasa su wuce. Daga baya na gane dalili: a lokacin 'yan sanda na bin gida gida suna duba takardu, saboda haka ba mai nuna wa baƙo inda wani yake.

Ran Juma'a bayan an idar da salla, a wajen masallaci inda ake sayar da tsire da gurasa, Alhaji Lawali ya haɗa ni da Hajiya Ramatu. 'Yar zangon Kumasi ce, tana tura kwantena Ghana, ta daɗe a garin har ta san kowa. Hausarta irin ta zango ce, ba ta raba mace da namiji.

"Wane Jamilu? Mai ɗingishi?"

"A'a, Hajiya. Namu lafiyarsa ƙalau."

"Dogo, yana da wushirya, ɗan Kano?"

Na ce shi ne.

Ta ƙare mini kallo. Sannan ta ce, "Kai wanensa ne?"

"Kawunsa. Uwarsa ba ta da lafiya."

"To biyo ni. Amma kar ka ɗaga masa murya gaban mutane."

Hadari ya haɗo muna tafe, kafin mu isa ruwa ya tsuge. Muka hau wani tsohon bene, Alhaji Lawali na haki a bayanmu. A hawa na uku akwai ɗakin cin abinci marar alama a ƙofa. Mai shi wani Ba'indiye ne Musulmi, mutumin Kerala, sunansa Musa, mutanenmu na ce masa Musa Indiya. Ya yi aiki a Dubai kafin ya dawo nan yana dafa shinkafa da kifi da wata gurasa mai ɓare-ɓare. A ko'ina cikin garin talabijin Olamfik yake nunawa, ban da nasa. Shi duk Juma'a da rana fim ɗin garinsu yake sakawa.

Mutane sun kai goma sha wani abu, kowa da farantinsa. A gefen talabijin, kan wata kujerar roba, wani ya ba mu baya yana magana da ƙarfi da Hausa. Muryar na fara ganewa. Jamilu ne, yana fassara fim ɗin.

Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ƙafarsa ta hagu a miƙe take, idon sawun ya kumbura ya karkace. Na yunƙura zan nufe shi, Hajiya Ramatu ta riƙe mini hannun riga. Ta ce a hankali, "Zauna. Bari ya gama aikinsa." Na zauna a baya.

Ni na tashi da kallon fim ɗin Indiya, amma wannan daban ne. Yarensu ba wanda kunnena ya saba ba ne, Malayalam suke ce masa, yana gudu kamar ana mirgina tsakuwa a kwano. Jaruman baƙaƙe ne kusan kamarmu, mazan da gashin baki da zane ɗaure a ƙugu. Akwai rubutun Turanci a ƙasa, daga nan Jamilu yake ɗauka ya juya, ko da yake na lura ya haddace, yakan riga su faɗa.

Labarin wani saurayi ne da ya bar ƙauyensu na bakin ruwa ya tafi birni. Ya faɗa wa gida shi manaja ne a babban otal, alhali wanke-wanke yake yi a bayan kicin. Kwatsam iyalinsa suka ɗauko hanya za su kawo masa ziyara: uba, uwa, ƙanwa, har da kaka mai yawan surutu. Abokansa suka haɗa baki, wannan ya ba shi aron kwat, wancan ya zama direbansa. Abin dariya iri-iri. Jamilu yana canza murya, in kakar ce ya yi ta da muryar tsohuwar Kano, ɗakin ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, Allah ya sani, ina dariya ƙirjina na zafi.

Can wajen ƙarshe asiri ya tonu. Uban ya bi ta ƙofar baya ya tarar da ɗansa tsugune gaban tulin kwanuka. Suka kalli juna. Sai uban ya naɗe zanensa, ya tsuguna kusa da shi ya ɗauki soso. Ya faɗi wata magana gajeriya. Wannan kam Jamilu bai fassara ba.

Wani saurayi ɗan Kano ya ce, "Mai fassara, me ya ce?"

"Ba wani abu ba ne," in ji Jamilu. "Ku kalla kawai."

Aka ƙare da biki da waƙa, iyali duka zaune a ƙasa suna cin abinci a kan ganyen ayaba, ruwan sama na zuba a waje.

Ana kashe talabijin musu ya kaure. Saurayin nan ɗan Kano ya ce shi bai ga fim ba. "Ba faɗa, ba bos, jarumin ma da tumbi. Wannan ai wasan kwaikwayon makaranta ne."

Alhaji Lawali ya goge hannu ya ce, "Ni dai ya yi mini daɗi, amma ƙarya ce. Wane uba ne za a yi wa ƙarya shekara da shekaru ya tarar da gaskiya ya ɗauki soso? Ɗana in ya yi mini haka, sai na yi wata ban yi mai magana ba."

"Bayan watan fa?" in ji Hajiya Ramatu.

"Bayan watan sai in yi mai."

"To uban fim ɗin ya rage wa kansa wahalar watan ne. Ni duk ran da na kalla sai na yi kuka, kuma sai na koma gida da sauƙi a raina. Uwar nan, tun a mota ya san ɗansa ƙarya yake. Ku duba idonsa in an sake sakawa."

Wani ɗan Yamai da ke kusa da taga ya ce shi ƙanwar ce ta burge shi, tana tuna masa tasa, wadda aka yi wa aure yana nan bai je ba. Bai ƙarasa ba ya juya yana kallon ruwa.

Musa Indiya yana tattara faranti yana sauraro, Hajiya na juya masa da Turanci. Ya yi murmushi ya ce a garinsu ma haka aka rabu: matasa sun cika gidajen kallo, dattawa suka ce ya yi zaƙi da yawa. Ya ce shi ba don labarin yake sakawa ba. Yarinyar da ta fito a ƙanwar tana magana sak irin ta 'yarsa, wadda ya bari tana rarrafe, yanzu har ta shiga makaranta.

Sai Alhaji Lawali ya ce, "Kai mai hwassara, kai da ka fi kowa saninsa, me ka ce?"

Jamilu bai juyo ba. Ya ce, "Fim ne mai kyau, Alhaji. Sai dai sun tsaya a inda ya yi daɗi. Ba su nuna washegari ba, in sun koma ƙauye, maƙwabta sun zo suna tambaya ina manajan."

Yana faɗa ya dafa kujera ya miƙe, ya juyo, muka haɗa ido.

Bai gudu ba, bai kuma matso ba. Ya ce, "Kawu." Sai ya durƙusa a inda yake, ƙafar mai ciwo a miƙe a gefe. Mutane suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

Musa ya kawo mana shayi mai madara ya koma kicin. Jamilu ya ba ni labari kansa a sunkuye. Wanda ya kawo shi China ya watsar da shi tun shekarar farko. Bizarsa ta ƙare. Ya koma dako a sito, yana loda kwantenonin da ake kaiwa tashar jiragen ruwa ta Nansha. Wata rana 'yan sanda suka shigo benen da suke, ya diro ta taga. Ba halin zuwa asibiti ba takardu, wani ne ya ɗaure masa ƙafar, ta haɗe a karkace. Dako ya gagara. Musa ya ba shi wurin kwana a bayan kicin, yana taya shi yankan albasa da wanke-wanke, ran Juma'a ya yi fassara.

"Me ya hana ka kira?"

"In ce mata me, Kawu? Duk unguwa an san ina da ofis."

Na faɗa masa halin da uwarsa ke ciki. Ya rufe fuska da hannu biyu. Na bar shi har ya gaji. Ban yi masa faɗa ba, ba don an hana ni ba, sai don ban ga inda zan sa faɗan ba.

Na tambaye shi abin da uban ya ce a fim ɗin. Ya ce, "Cewa ya yi, matsa can, ba ka iya wanke tukunya ba."

Hanyar fita ɗaya ce: ya miƙa kansa, a ci shi tara, a tsare shi na wani lokaci, sannan a sa shi a jirgi. Ba wanda ya iya faɗa mana tsawon tsarewar. Ya ce in ba shi lokaci ya yi tunani. Na ce lokacin ba a hannuna yake ba, bizata ta kusa ƙarewa. Na kira gida daga wani ɗakin waya, na miƙa masa. Ban ji me uwarsa ta ce ba. Shi dai "Na'am, Umma" kawai yake maimaitawa, hawaye na bin wuyansa. Da ya ajiye ya ce, "Muryarta ta canza. Mu je, Kawu."

Na rage kayan da na yi niyyar saya don in haɗa kuɗin tara da na jirgi, Hajiya Ramatu da Alhaji Lawali suka kama mini. Da safe muka raka shi. Musa ya ƙulla masa gurasa a leda, ya rungume shi ya daɗe bai sake shi ba. A ƙofar ofishin 'yan sanda, Jamilu ya juyo ya ce, "Ka ce mata ina hanya." Ya shiga yana jan ƙafa.

Na dawo Kano ni kaɗai. Ban sauke jaka a gidana ba na wuce wurin Yaya Rabi. Ta ce, "Ka gan shi?" Na ce na gan shi. Na faɗa mata komai, har ƙafar, har bayan kicin ɗin. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Yana salla?" Na ce yana yi. Ta ce, "To shi ke nan. Ya zo." Ta sa aka share ɗakinsa aka sake labule.

Azumi ya zo ya wuce ba labari. Bayan ƙaramar salla ciwon ya sake kayar da Yaya Rabi. Ta yi kwanaki a asibiti ba ta magana. Da ta farfaɗo bakinta ya buɗe, amma mutane sun ɓace mata. Ni ma wani lokaci ta gane ni, wani lokaci ta kira ni da sunan mahaifinmu.

Ana cikin haka aka sako Jamilu. Na ɗauko shi daga filin jirgi da ledar kayansa guda ɗaya. A mota na faɗa masa yadda take, don kada ya firgita. Ya ce ba komai, shi za ta gane shi.

Tana zaune a tsakar gida an jingina ta da matashi. Ya cire takalmi ya durƙusa gabanta ya gaishe ta. Ta amsa da fara'a, irin wadda take yi wa baƙo.

Na ce, "Yaya, ga shi na kawo miki. Daga China yake."

Fuskarta ta washe. Ta ce masa, "Daga China? Sannu da hanya, ɗan nan. To ka ga Jamiluna a can?"

Ɗan fari ne. Tun da aka haife shi ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar.

Jamilu ya ɗago ya dube ni. Ya mayar da kansa ƙasa ya ce, "Na gan shi, Umma."

"Lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau yake. Yana gaishe ki."

"In ka koma ka ce masa ya zo. Ka ce ba wanda zai yi masa faɗa."

"Zan faɗa masa."

Aka kawo kununta. Ya karɓi kwanon daga hannun ƙanwarsa, ya matso kusa da ita, ya fifita cokalin farko ya kai mata baki. Ta sha, ta dube ni ta ce, "Wannan yaron yana da hankali. Ɗan gidan wa ye?"